Darasin Wannan Wata: Ɗaukar Hoto Da Adana Shi

Gabatarwa

A gidaje da yawa na ƙasar Bagudo akwai wani tsohon akwati ko kwalla inda ake ajiye takardu. In aka buɗe, akan tarar da rasiɗin haraji, da katin asibiti, da 'yan hotuna. Wasu hotunan sun koɗe. Wasu sun manne da juna. Wasu kuma gara ta cinye gefensu. Idan yaro ya ɗauko ɗaya ya ce, "Baba, wane ne wannan?" sau da yawa sai a yi shiru. Tsohon da ya san amsar ya rasu, kuma babu wanda ya rubuta komai a bayan hoton.

Yau ɗaukar hoto ya zama abu mai sauƙi. Waya tana aljihun samari da 'yan kasuwa da manoma, kuma da yawa daga cikin wayoyin suna da kyamara. Saurayi yakan ɗauki hotuna a mako guda fiye da waɗanda aka ɗauki kakansa tun daga haihuwa har rasuwa. Amma ran da wayar ta faɗa ruwa, ko aka sace ta a kasuwa, ko ta lalace, shi ke nan, hotunan sun tafi.

Wannan darasi zai yi bayanin yadda hoto yake samuwa, da bambancin kyamarar fim da ta dijital. Zai nuna yadda ake ɗaukar hoto mai kyau, da ladubban ɗaukarsa, musamman a bakin iyaka. Daga ƙarshe zai zo kan babban aikin da ke jiran wanda ya koyi karatu da rubutu, wato rubuta bayanin hoto da adana shi.

Mai sana'a da mai sha'awa

Masu ɗaukar hoto iri biyu ne. Akwai mai sana'a, wanda yake da shago ko yake yawo gidajen biki da suna, ana biyansa. Da wannan yake ci da iyalinsa. Akwai kuma mai sha'awa. Shi yana da sana'arsa dabam, noma ko su ko kiwo ko ɗinki. Yana ɗaukar hoto ne don abin yana ba shi daɗi, kamar yadda wani yake kiwon tattabaru. Wannan darasi na mai sha'awa ne. Ba sai mutum yana da kyamara mai tsada ba. Abin da ake bukata shi ne ido mai lura, da haƙuri, da sanin 'yan ƙa'idoji.

Yadda hoto yake samuwa

Asalin hoto haske ne. Inda babu haske babu hoto. Hasken rana yakan sauka a kan mutum ko itace ko saniya, sannan ya dawo ya shiga ido. Ta haka ake gani. Kyamara ma haka take aiki. Akwati ne mai duhu a ciki, mai ƙaramar ƙofa guda ɗaya. A bakin ƙofar akwai gilashi mai tattara haske, shi ake kira idon kyamara. A bayansa akwai ɗan ƙyaure. Idan aka danna madanni sai ƙyauren ya buɗe ya rufe cikin ƙiftawar ido. Ɗan hasken da ya shiga a wannan lokaci shi ne yake zama hoto.

Wannan ilmi tsoho ne. Wani malami mai suna Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra ta ƙasar Iraƙi wajen shekarar 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi bayaninsa a littafinsa Kitabul Manazir. Ya nuna cewa idan haske ya bi ta ƙaramar kafa ya shiga ɗaki mai duhu, surar abin da ke waje takan fito a jikin bango, amma a juye, kai ƙasa ƙafa sama.

Kowa zai iya gwada wannan a gida. A sami ɗaki da rana tsaka, a toshe duk inda haske yake shiga. A rufe taga da kwali, a huda kwalin, huda ɗaya kamar girman ƙwayar gyaɗa. A riƙe farin ƙyalle nesa kaɗan da hudar, a jira ido ya saba da duhu. Za a ga itatuwa da mutanen da ke wucewa a jikin ƙyallen, a juye. Gani ya kori ji.

Taƙaitaccen tarihi

Ganin sura a bango ba wuya. Wuyar ita ce a kama ta ta zauna. Wani Bafaranshe mai suna Niépce ne ya ɗauki hoto mafi tsufa da ya rage a duniya, wajen shekarar 1826, daga tagar gidansa. Sai da ya bar kyamarar a buɗe awa takwas ko fiye. A shekarar 1839 aka bayyana wa duniya wata hanya mafi sauri, ta wani Bafaranshen mai suna Daguerre.

A lokacin, ɗaukar hoto aikin masana ne masu kaya masu nauyi. A shekarar 1888 wani Ba'amurke, George Eastman, ya fito da ƙaramar kyamara mai suna Kodak, da fim na hoto 100 a cikinta. In fim ya ƙare sai a mayar da kyamarar kamfani, a wanke hotunan, a sa sabon fim. A shekarar 1900 kamfanin ya fito da wata mai suna Brownie a kan dala ɗaya. Daga nan talaka ma ya fara ɗaukar hoto don sha'awa.

Kyamarar fim

Fim wani dogon ƙyalle ne na roba, siriri, an shafe shi da sinadarin azurfa mai jin haske. Yana nannaɗe cikin ɗan gwangwani. Wanda aka fi sani shi ne mai faɗin milimita 35, kuma yakan ɗauki hoto 24 ko 36. Bayan kowane hoto sai fim ya matsa gaba don sabon wuri ya zo. In ya ƙare sai a nannaɗe shi ya koma cikin gwangwaninsa, a kai wurin wanki.

Mai wanki yakan jiƙa fim cikin magunguna a ɗakin duhu ko cikin inji. Abin da yake fitowa shi ake kira nagetif. A jikin nagetif fari yakan zama baƙi, baƙi ya zama fari. Daga nagetif ake fitar da hoto a takarda. Nagetif ɗaya zai iya ba da hoto goma ko ɗari. Saboda haka nagetif shi ne uwar hoto. Wanda ya yar da nagetif kamar manomin da ya cinye irin shukarsa ne.

Mai kyamarar fim ya kiyaye abu huɗu. Na ɗaya, kada ya buɗe bayan kyamara alhali fim bai koma gwangwani ba, domin haske zai ƙone hotunan. Na biyu, kada ya bar fim a rana ko wuri mai zafi. Na uku, ya duba kwanan watan da ke jikin kwali, don fim yana tsufa. Na huɗu, ya duba lambar da ke jikin fim. Mai lamba 100 na rana ne mai haske sosai. Mai lamba 400 ya fi dacewa da inuwa da yamma.

Har yanzu kamfanoni irin su Kodak da Ilford suna yin fim, kuma akwai masu sha'awarsa a duniya. Amma samunsa da samun wurin wanki ya yi wuya ƙwarai, balle a karkara. Duk da haka, wanda ya gaji tsohuwar kyamara kada ya yar. Ya cire batirinta don kada ya zuba ya ɓata ta, ya ajiye ta wuri busasshe.

Kyamarar dijital da waya

Kyamarar dijital ba ta da fim. A madadinsa akwai wani ɗan faranti mai jin haske, wanda bai fi farcen yatsa girma ba a cikin waya. An raba shi zuwa ƙananan ɗigogi masu yawan gaske. Kowane ɗigo yana auna hasken da ya sauka a kansa, sai na'ura ta mayar da awon lambobi, ta ajiye. Ɗigo miliyan ɗaya shi ake kira megafiksel ɗaya. Idan aka ce waya tana da megafiksel 12, ana nufin hotonta yana da ɗigo miliyan 12.

Wani injiniya na kamfanin Kodak, Steven Sasson, shi ya haɗa kyamarar dijital ta farko a shekarar 1975. Nauyinta ya kusa kilo 4. Hotonta fari da baƙi ne, mai ɗigo 10,000 kacal, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta ajiye hoto ɗaya a kaset. Daga baya irin wannan kyamara ta karya kasuwar fim, har Kodak ɗin kansa ya faɗa cikin karayar arziki a shekarar 2012. Wayoyi masu kyamara sun fara yaɗuwa a ƙasar Japan a shekarar 2000. A shekarar 2001 kuma aka fara amfani da layukan wayar salula irin na yau a Nijeriya.

Kowacce tana da amfaninta da aibinta. Da fim, kowane hoto kuɗi ne, shi ya sa mai ɗauka yakan natsu kafin ya danna. Ba ya ganin sakamako sai an wanke. Amma a ƙarshe yana da takarda a hannu, ga nagetif a ajiye. Da dijital, ana ganin hoto nan take, in bai yi kyau ba a goge a sake, kuma ana iya aika shi nesa cikin minti ɗaya. Amma yana bukatar caji, kuma hoton lambobi ne kawai a cikin na'ura. In na'urar ta tafi ba a kwafe shi ba, ya tafi tare da ita.

Ƙa'idoji bakwai na hoto mai kyau

1. A goge idon kyamara. Ƙura da maiƙon hannu su ne suke sa hoto ya yi dishi-dishi, musamman da hunturu. A goge da ƙyalle mai laushi mai tsabta. A fara hure ƙurar, don yashi yana karce gilashi.

2. A lura da rana. Rana ta kasance a bayan mai ɗauka ko a gefensa. Idan tana bayan wanda ake ɗauka, fuskarsa za ta fito baƙi ƙirin. Haka nan idan ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki, haske yana bayansa.

3. A zaɓi lokaci. Hantsi da la'asar sakaliya sun fi kyau. Da tsakar rana inuwar hula ko rawani takan rufe ido, mutane kuma su riƙa ƙanƙance ido. In ya zama dole, a shiga inuwar gini ko rumfa. Inuwar itace mai ɓarɓashin rana takan sa fuska ta yi dabbare-dabbare.

4. A riƙe da hannu biyu. A manne gwiwar hannu a jiki, a tsai da numfashi kaɗan, a danna a hankali. Da yamma ko cikin ɗaki, a jingina da bango. A cikin kwalekwale a zauna, a riƙe waya da kyau, kada a miƙa ta bisa ruwa.

5. A matsa kusa. Jawo hoto da yatsu a fuskar waya yakan rage masa kyau. Gara a taka a matsa. Hasken filasha ma ba ya wuce 'yan taku, saboda haka ba ya amfani ga abin da ke nesa.

6. A duba bayan mutum. Kada a bar turke ko itace ya fito kamar daga kansa ya tsiro. A kau da shara da tarkace. Kada a yanke wa mutum kai ko ƙafa. Idan yaro ake ɗauka, a durƙusa daidai tsayinsa.

7. A daidaita kyamara. Idan ana ɗaukar kogi ko fadama, layin da ruwa ko ƙasa ya haɗu da sama ya miƙe sosai, kada ya karkace. Mutum ɗaya a tsaye, a riƙe waya a tsaye. Taro ko gona, a kwantar da ita.

Ba a ƙwarewa rana ɗaya. Yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya.

Me ya kamata a ɗauka?

Yawancin mutane ba sa ɗaukar hoto sai ran Sallah ko biki, an ci ado an tsaya ƙiƙam. Wannan yana da kyau, amma bai isa ba. Abin da ake gani kullum shi ne ake mantawa da shi, kuma shi ne jikoki za su fi son gani.

Ƙasar Bagudo cike take da abin ɗauka. Ga kogin Neja, wanda aka fi sani da Kwara, da masunta da komarsu. Ga fadamun shinkafa tun daga dashe har girbi. Ga garken shanu a ƙasar Ka'oje. Ga tsohon garin Illo, ga Zagga, ga jirage suna sauke kaya ran kasuwar Lolo. Ga Hausawa da Fulani da Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da Busawa, kowa da irin adonsa da gininsa. Ga maƙeri a maƙera, ga mai sassaƙa jirgi, ga tsohuwa tana kaɗi. Wasu daga cikin waɗannan sana'o'i suna raguwa. A fara da tsofaffin gida tun suna raye.

Gari ma yakan ɓace. An gama gina madatsar ruwa ta Kainji a kan wannan kogi a shekarar 1968. Tafkin da ya taru ya shanye tsohon garin Bussa da ƙauyuka masu yawa, aka tayar da mutane fiye da 40,000 zuwa sababbin matsugunai. Yau mai son ganin kamannin tsohuwar Bussa sai dai ya nemi hoto.

Hoto kuma shaida ne. A shekarun 2012 da 2020 ambaliyar ruwa ta yi ɓarna mai yawa a gonakin shinkafa na Jihar Kebbi. Manomin da ya ɗauki gonarsa kafin ruwa da bayan ruwa, ya rubuta kwanan wata, yana da abin nunawa idan jami'ai suka zo ƙiyasta hasara. Makiyayi zai iya ɗaukar kowace saniya da alamarta, saboda ranar ɓata ko sata. Ana iya ɗaukar takardar gona, da rasiɗin ciniki, da katin rigakafin yaro. In takarda ta jiƙe, hotonta yana nan.

Ladabi da doka

Fuskar mutum tasa ce. Kada a ɗauki kowa sai da izininsa. Kada a shiga gidan mutane da kyamara sai an yarda. Kada a ɗauki matan aure da 'yan mata a rafi ko a rijiya ko a kasuwa a ɓoye. Yaro kuwa, a nemi izinin iyayensa. Malamai sun yi maganganu daban-daban game da hukuncin hoto. Mai shakka ya tambayi malaminsa. Wanda ya ce ba ya so a ɗauke shi, a girmama ra'ayinsa, ba gardama.

Izinin ɗauka dabam, izinin yaɗawa dabam. Wanda ya yarda a ɗauke shi bai ce a sa shi a Facebook ko WhatsApp ba. Hoton da ya shiga intanet kamar magana ce, in ta fita ba ta dawowa. Kada a ɗauki gawa, ko wanda ya yi haɗari, ko majinyaci, don a nuna wa mutane. Wanda ya iske haɗari, taimako ake nema daga gare shi.

Haka kuma ba kowane hoton da ya shigo waya ne gaskiya ba. Yau ana iya gyara hoto da kwamfuta, a sa mutum inda bai taɓa zuwa ba. Ana kuma ɗauko tsohon hoto na wata ƙasa a ce jiya abin ya faru a garin kusa. Kafin a tura wa wani, a tambaya: wa ya ɗauka, a ina, kuma yaushe? In babu amsa, a bar shi.

A bakin iyaka

Ƙaramar Hukumar Bagudo tana iyaka da Jamhuriyar Benin. A shekarar 1898 Turawan Ingila da na Faransa suka yi yarjejeniyar da ta raba ƙasar Borgu gida biyu. Illo da Bussa suka faɗo wajen Ingila, Nikki ta faɗa wajen Faransa. Iyakar ta raba ƙasa amma ba ta raba zumunta ba. Har yau akwai dangi da surukai a ɓangarorin biyu. Ana bi ta Lolo zuwa Malanbil, ana bi ta Tsamiya zuwa Segbana. Hoton jariri ko na amarya yakan tsallaka iyaka ya sada zumunci a lokacin da ƙafa ba ta samu zuwa ba.

Amma mai kyamara ya yi hattara. Kada ya ɗauki shingen bincike, ko ofishin kwastan, ko na jami'an shige da fice, ko barikin soja, ko motocinsu, ko su kansu jami'an. A Nijeriya, dokar sirrin gwamnati ta shekarar 1962 ta hana ɗaukar hoton wuraren tsaro ba da izini ba. A ƙetaren iyaka ma ba a wasa da wannan, balle tun daga shekarar 2021 da arewacin Benin ya fara fama da hare-haren 'yan bindiga. Wanda aka gani yana ɗaga waya kusa da shinge ana iya ɗaukarsa ɗan leƙen asiri. Ana iya karɓe wayar, ana iya tsare shi. In an zo shinge ko babbar gada, a mayar da waya aljihu. Rigakafi ya fi magani.

Labarin masu hoto biyu

Akwai wani mutumin Bamako ta ƙasar Mali mai suna Seydou Keïta. Kafinta ne tun yana yaro. A shekarar 1935 wani ɗan'uwan iyayensa ya kawo masa tsarabar kyamara Brownie daga Sanagal. Ya fara da sha'awa, yana ɗaukar 'yan gidansu. A shekarar 1948 ya buɗe shago, ya ɗauki dubban mutane, kuma ya adana nagetif ɗinsa da kyau. A shekarar 1991 aka nuna wasu hotunansa a birnin New York na Amurka, amma aka rubuta cewa ba a san mai ɗauka ba. Sai da wani ya tashi takanas zuwa Bamako yana tambaya, har wani mai hoto, Malick Sidibé, ya gane aikin. Sunan Keïta ya game duniya kafin ya rasu a shekarar 2001. Amma yawancin mutanen da ke cikin hotunansa har yau ba a san sunayensu ba, domin ba a rubuta ba.

Na biyu ɗan Nijeriya ne, J. D. 'Okhai Ojeikere, daga yankin da yake Jihar Edo a yau. Shi ma da Brownie ya fara, a shekarar 1950. Daga shekarar 1968 ya shiga ɗaukar kitson mata iri-iri, har ya tara hotuna wajen 1,000. Ya kuma kula da sunayen kitson. Ya rasu a shekarar 2014, amma mai kitso ta yau za ta iya duba aikinsa ta san yadda aka yi kitson da, da yadda ake kiransa.

Dukansu da ƙaramar kyamara suka fara. Dukansu sun adana aikinsu. Darasin da ke ciki shi ne, adanawa tana ceton hoto, rubutu kuma yana ceton labarinsa.

Rubutu a bayan hoto

Nan ne ɗalibin yaƙi da jahilci ya fi kowa amfani a gidansu. Kowane hoto yana bukatar amsar tambayoyi biyar:

Su wane ne a ciki?
A ina aka ɗauka?
Yaushe aka ɗauka?
Me ake yi?
Wa ya ɗauka?

Ga misali: "Kaka da jikokinta huɗu suna sussukar shinkafa. Bayan gari, Illo. Watan Nuwamba, 2024. Babban jikanta ne ya ɗauka." A rubuta cikakken sunan kowa da na mahaifinsa, a fara daga hannun hagu zuwa dama. Wanda ya fi sabawa da ajami ya rubuta da ajami.

A yi rubutun da fensir mai laushi, a gefen bayan hoton, kada a danna da ƙarfi. Biro yakan huda ko ya zuba ya ɓata fuska. Idan takardar tana da santsi fensir bai kama ba, a sa wa hoton lamba, a rubuta bayanin a littafi. Wannan littafi zai yi wa hotunan waya ma amfani.

Tsofaffin hotuna kuwa, kada a jira. A ɗauke su a kai wa dattijon gida ko tsohuwa, a zauna a tambaya, a rubuta abin da suka faɗa.

Yadda ake adanawa

Maƙiyan hoto huɗu ne: danshi, da zafin rana, da gara, da yawan taɓawa. A ajiye hotuna a albam ko ambulan, cikin akwatin ƙarfe mai murfi. A ɗora akwatin a bisa, ba a ƙasa ba, musamman a garuruwan bakin kogi. Da damina a riƙa dubawa. Hoton da aka rataye inda rana take bugunsa zai koɗe. Nagetif a riƙe shi ta gefe.

Idan hotuna sun manne, kada a ɓamɓare su da ƙarfi. Idan ruwa ya jiƙa su, a ɗauraye da ruwa mai tsabta a hankali, a shanya ɗaya-ɗaya a inuwa, fuska sama. Kada a kai tsohon hoto wanda shi kaɗai ne a manne shi da leda a injin zafi, domin ba ya ɓamɓaruwa kuma. Gara a ɗauke shi da waya a inuwa mai haske, ba filasha, a wanke sabo.

Hoton waya mai muhimmanci ya kasance a wuri uku. Ɗaya a waya. Ɗaya a katin memori da aka ajiye a gida, ko a wayar wani ɗan'uwa amintacce. Ɗaya kuma a takarda. A tuna cewa hoton da aka tura ta WhatsApp yakan rage kyau, saboda haka a kai wa mai wanki na asali. Ba dole a wanke duka ba. Ko goma aka zaɓa a shekara aka wanke aka rubuta bayaninsu, cikin shekara 10 gida ya sami tarihi mai hoto 100. Kafin a sayar da waya ko a ba da gyara, a kwashe hotunan iyali.

Sababbin kalmomi

Fim: ƙyallen roba mai kama haske.
Nagetif: fim da aka wanke, uwar hoto.
Dijital: hanyar ajiye hoto da lambobi.
Megafiksel: ɗigo miliyan ɗaya na hoto.
Filasha: hasken da kyamara take bugawa.

Tambayoyi

1. Mene ne asalin hoto?
2. Me ya sa ba a buɗe bayan kyamara alhali fim yana ciki?
3. Ina ya kamata rana ta kasance lokacin ɗaukar hoto?
4. Waɗanne wurare ne ba a ɗauka a bakin iyaka?
5. Waɗanne tambayoyi biyar ake amsawa a bayan hoto?
6. A wurare nawa ya kamata a ajiye hoton waya?

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya nemo tsohon hoto ɗaya a gidansu ko a maƙwabta. Ya tambayi wani dattijo labarinsa. Ya rubuta amsar tambayoyin nan biyar a littafinsa, ya kawo aji ya karanta wa 'yan'uwansa. Wanda bai sami tsohon hoto ba, ya nemi izinin mutum mafi tsufa a gidansu ya ɗauke shi a cikin wannan mako, ya rubuta sunansa da ranar.

Allah Ya ba da ikon aiki da abin da aka karanta, amin.